Taku Biyu Baya

Ranar Lahadi na saye shi, a kasuwar tsofaffin kaya ta Avenida Argentina,
yana kwance tsakanin matacciyar rediyo da warin takalmi.
Don Aquiles ya ce, roba ce, ban ɓoye maka ba,
amma zai tsamo maka jirgi daga teku ya dire a tafinka.
Kuɗinsa bai kai na buhun fulawa biyu ba.
Na auna shi a hannu,
bai fi burodin da na fitar da asuba nauyi ba.

Gashin burodi ne sana'ata.
Ina tashi daga aiki sa'ad da Valparaíso ke miƙa,
fulawa a gira, barci a gwiwa,
in kama matakala ɗari da sha bakwai zuwa gida,
kyamara a wuya tana ƙwanƙwasa mini ƙirji.

In na murɗa shi sai ya miƙa wuya,
daga saba'in zuwa ɗari uku,
da 'yar ƙara irin ta ƙofar kicin ɗinmu.
Sai nesa ta taso ta zo da ƙafarta.
Ga kwasakwasa bisa turke, ta yi tagumi kamar mai bin bashi.
Ga wani baƙo a jirgin kwantena
yana aske gemu ba madubi, kumfa a kunne.
Can tsallaken kwari Doña Herminia na shanya safa,
shida, kullum shida,
ko da yake mijinta ya shekara uku a ƙasa.

Yana da halinsa, ban ce ba shi da shi ba.
Ba ya shiri da duhu.
Rana na yin sanyi zai fara lalube,
gaba, baya, gaba,
tsoho ne ya ɓatar da tabarau.
Yakan shafa wa bakin fiffike shunin da Allah bai sa ba.
Masu manyan fararen gilasai a bakin teku
sukan kalle shi su kau da kai.
Ba komai. Da yamma su ke tausa kafaɗa,
ni nawa yana aljihun kwat tare da ragowar burodi.

Shi ya koya mini kafa gwiwar hannu a katanga,
in haɗiye numfashi,
in danna tsakanin bugun zuciya da mai bi masa.

Jiya Fresia na feraye dankali a bakin taga,
haske ya sauko mata a wuya.
Na ɗaga kyamara daga inda nake zaune.
Ya ƙi.
Ya yi gaba, ya yi baya, ya yi gunaguni,
matata ta zama hazo mai riƙe da wuƙa.
Ashe duk abin da bai kai mita ɗaya da rabi ba
ba ya ganinsa.

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba,
Nibaldo, ka san gemun baƙo a tsakiyar teku,
ba ka ga na rage gashi tun Talata ba.

Na miƙe. Taku ɗaya baya.
Na biyu, sai bayana ya daki firiji,
kwalabe suka yi tsegumi a ciki.
Nan ta fito sarai:
furfurar da ban ƙirga ba,
tabon tanda a babban yatsa, na shekarar da ta taya ni aiki,
da gefen baki yana kokawa da dariya.

Na manta katanga, na manta numfashi.
Hoton ya yi rawa.
Shi ne a jikin firijin yanzu,
daidai inda bayana ya daka.